Yadda Hasken Falo Ya Shiga Kwamfuta

A Nassarawa GRA ta yau, inda benaye ke maye gurbin tsofaffin gidajen Turawa, da wuya mai kuɗi ya ba da kwangilar gini bai ce a fara nuna masa 3D ba. Tun ba a haƙa fandisho ba ya riga ya ga falonsa a waya: tayil na sheƙi, fitilun silin POP na zubo haske, rana ta ratso labule ta kwanta a kan kujera. Ba kyamara ce ta ɗauka ba. Lissafi ne, kuma an sha wuya kafin a kai gare shi.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, a Nassarawa suka kafa mazauninsu, bayan ganuwa. Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya zauna, wanda ya buɗe makaranta a unguwar a 1909, ginin ƙasa ne na tubali da azara, bango mai kauri, tagogi 'yan ƙanana. Maginan lokacin a ka suke auna haske, sun san duk inda rana ta bi zafi na biye da ita. Daga baya aka koma zanen takarda, aikin da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka ƙware a kai, sai AutoCAD, wadda ta fito a 1982, ta kai zanen cikin kwamfuta. Amma layuka ne kawai, ba su nuna yadda ɗaki zai haskaka.

Cikin ɗaki shi ya fi gagarar masana. A fili rana kai tsaye take dukan abu. A ɗaki kuwa yawancin hasken da ido ke gani ya riga ya bugi bango ya dawo, ya taɓa kafet ya kwaso launinsa. A 1980 Turner Whitted na Bell Labs a Amurka ya nuna yadda kwamfuta za ta bi sawun haske har cikin madubi da gilashi, sai dai hasken da ke dawowa daga bango bai shiga lissafinsa ba. A 1984 masu bincike a Jami'ar Cornell suka gwada wani akwati mai jan bango ɗaya, suka lissafa yadda jan ke zuba a kan farin da ke kusa. James Kajiya ya tattara al'amarin cikin lissafi guda a 1986. Manhajojin da matasan Kano ke aiki da su yanzu, irin su V-Ray ta Bulgeriya, Lumion, da Blender wadda kyauta ce tun 2002, a kan wannan tushe suka tsaya.

Abin da ke damuna shi ne hasken da ake zubawa a hotunan. Sau da yawa na wata ƙasa ne: rana mai laushi, tagar gilashi daga ƙasa har silin, kamar a Turai. Kano kuwa tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. A ƙarshen Afrilu da kuma cikin Agusta rana kan tsaya tsakiyar ka da azahar, a bazara zafi kan haura digiri 40, hunturu kuma ya zo da hazon da ke dusashe komai. Falon da ya burge a waya, idan tagarsa na kallon yamma, kan zama tanda da la'asar, sai an jingina da na'urar sanyaya ɗaki da janareto.

Manhajojin ba su da laifi a nan. Ana iya saka musu Kano, da wata, da ƙarfe nawa, su fitar da inuwar daidai. Mai gini yana da haƙƙin ya nemi hoton falonsa da ƙarfe huɗu na yamma a watan Afrilu, da wani kuma da rana fitilu a kashe, kafin a sayi buhun siminti na farko.