Wayoyi Biyu da Suka Sauya Teburin Mai Gyara

A farkon shekarun 1980, lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa gidan talabijin na CTV a Kano, mai gyaran akwati a Sabon Gari da kunne da sukundireba yake aiki. Idan tasha ta kauce ko launi ya dushe, sai ya buɗe bayan akwatin, ya riƙa murɗa ƙananan sukurori har hoto ya zauna. Ilimin a yatsunsa yake, kuma yaron shago da kallo yake ɗaukarsa.

A 1982 kamfanin Philips na Holan ya fito da tsarin I²C, don rage tarin wayoyin da ke cikin talabijin. Wayoyi biyu kacal: SDA mai ɗaukar saƙo, da SCL mai buga lokaci. Kowace IC da ke rataye a kansu tana da lambar adireshinta. Babbar ta kira lamba, mai lambar ta amsa, sauran su yi shiru. Saurin farko bai wuce bit 100,000 a daƙiƙa ba, amma ya wadatar.

Sannu a hankali sukurorin suka ɓace. Saitin da hannu ke yi ya koma lambobi a cikin 'yar ƙwayar ajiya mai ƙafa takwas, kuma idan lambobin suka rikice, akwati lafiyayye sai ya ƙi tashi. Ƙwararren da ba shi da na'urar sake rubuta su ya zama ɗan kallo a shagonsa.

Hatta agogon da ke bai wa na'ura bugunta ya bi wannan hanya. Da, kowane bugu da kiristal ɗinsa. A ce ba a samu irinsa a Sabon Gari ko Titin Beirut ba, aiki ya tsaya sai an aika Legas. Si5351 da kamfanin Silicon Labs ya fito da ita kuwa kiristal ɗaya take buƙata, mai bugu miliyan 25 a daƙiƙa. Ta wayoyin nan biyu ake umartarta ta ninka shi sau 32 ya kai miliyan 800, sannan ta raba da 80, a sami miliyan 10. Gobe a sauya lamba, a sami wani bugun.

Sai dai samfurinta na gama-gari ba ya riƙe saiti. Da an ɗauke wuta ya manta komai, dole a sake karanta masa lambobinsa daga farko.