Labarin Manzon Halifa Alwasiƙu da Kogon Ƙasar Rum

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ke ɓoye cikin duwatsu da abin da ke ɓoye cikin zukata. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, Allah Ya datar da mu da kai, wannan babi yana magana ne a kan wani malami wanda ya keta jeji da duwatsu, ya shiga ƙasar abokan gaba, domin ya duba wani kogo mai duhu da aka ce Ashabul Kahfi suna kwance a cikinsa. Wanda ya kawo labarin shi ne Ibnu Khurradazbih, mai littafin Almasaliku wal Mamaliku, kuma daga bakin matafiyin ya ji shi.

Fasali a kan zamanin da abin ya auku

Alwasiƙu Billahi, sunansa Haruna ɗan Almu'utasimu, shi ne halifa na 9 daga Banul Abbasi. Ya yi mulki a birnin Samarra daga shekara ta 227 zuwa ta 232 bayan Hijira, wato 842 zuwa 847 ta Miladiyya. Malaman Sunna sun sha wuya a hannunsa cikin fitinar masu cewa Alƙur'ani halitta ne. Tare da haka, mutum ne mai ƙishirwar sanin wuraren da Littafi ya ambata. Shi ne ya aiki Sallamu Tafinta neman katangar Yajuju da Majuju, tafiyar da ta ci wata 28. Kuma shi ne ya aiki Muhammadu ɗan Musa, masanin taurari da hisabi, zuwa ƙasar Rum. Marubuta tarihi sun saɓa a kan wannan Muhammadu: wasu sun ce Alkhawarizmi ne mai littafin aljabaru, wasu sun ce babban ɗan Musa bin Shakir ne.

Wannan tafiya ba ƙarama ba ce. A shekara ta 223, mahaifin Alwasiƙu ya ci birnin Ammuriyya da yaƙi, saboda haka raunin bai warke a zukatan Rumawa ba. Sai dai tsakanin daulolin biyu akwai wasiƙa da manzanni, har ma a shekara ta 231 aka yi musayar bayin yaƙi a bakin kogin Lamis, aka fanso Musulmi fiye da 4,000. Ta wannan ƙofa halifa ya rubuta wa Sarkin Rum, sarki kuwa ya haɗa manzon da jagora.

Fasali a kan hanya da shiga kogon

Jagora ya kai su wani wuri mai kagara da ake ce wa Ƙurra, a yankin Kafadokiya, cikin ƙasar da ake kira Turkiyya yanzu. Dutsen wannan yanki mai laushi ne, yana sassaƙuwa da gatari, don haka mutanensa suka haƙa ɗakuna da majami'u da garuruwa a ƙarƙashin ƙasa, suna ɓuya a ciki in yaƙi ya zo. Larabawa sun kira irin waɗannan wurare Almaɗamiru. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake ce wa Derinkuyu, an sāke gano shi a shekara ta 1963, sa'ad da wani mai gida ya fasa bangon gidansa ya tarar da ɗaki a bayansa.

Daga Ƙurra suka yi zango 4, sai suka iske wani ɗan dutse wanda faɗin gindinsa bai kai kamu 1000 ba. Muhammadu bai yi gaggawar kutsawa ba. Ya fara hawa kan dutsen, ya tarar da wata rijiya mai faɗin baki, ana hango ruwa a ƙasanta. Sa'an nan suka sauko bakin ramin da ya ratsa dutsen, suka shiga, suka yi taki wajen 300 a cikinsa, har suka isa wani shirayi da aka sassaƙa kan ginshiƙai, da ɗakuna a gefensa. Ɗaya daga ɗakunan dokin ƙofarsa ya kai tsawon mutum, ƙyaurensa na dutse ne. A nan matattun suke.

Akwai wani mutum da aka wakilta ya tsare su, tare da shi akwai babanni masu yi masa hidima. Da ya ga manzo yana nufin hawa, sai ya shiga kewaye-kewaye, yana tsoratar da shi cewa duk mai neman ganinsu ba ya tsira daga wata musiba. Muhammadu ya gane cewa wannan tsoratarwa ita ce jarin mutumin, da ita yake ci yake sha. Sai ya nemi ya ba shi hanya, ya kuma ɗauke masa alhakin duk abin da zai same shi. Ya hau da kyandir mai kauri, yaronsa yana tare da shi.

Ya tarar da gawawwaki cikin tufafin gashi masu kaushi, in an taɓa su sai su ruɓuɓɓushe a hannu. An shafe jikkunansu da kafur da mur da wani magani mai ɗaci da Larabawa ke kira sabiru, domin kada su ruɓe. Fata ta manne da ƙashi. Ya shafa ƙirjin ɗaya daga cikinsu, ya ji kaushin gashinsa. Babu abin da ya same shi, babu abin da ya sami yaronsa.

Da suka sauko, mai tsaron ya kawo abinci ya roƙe su su ci. Suna ɗanɗanawa sai suka ji jikinsu ya sāke, suka amayar da shi. Muhammadu ya fahimci cewa mutumin ya so ya halaka su ne, ko ya cutar da su, domin da'awarsa ta tabbata a wurin sarkinsa. Suka gaya masa cewa sun zaci zai nuna musu matattu masu kama da rayayyu, waɗannan kuwa ba haka suke ba. Suka bar shi suka kama hanya.

Fasali a kan abin da mai hankali zai ɗauka

Mai tambaya yana iya cewa: ashe wannan ba tsaurin ido ba ne? Ga shi masu tafsiri sun ruwaito cewa Mu'awiya ya wuce kogon a wani yaƙi, ya so a buɗe masa shi, Abdullahi ɗan Abbas ya hana shi, Allah Ya yarda da su duka, kuma mutanen da aka tura iska ta kore su. Ga shi kuma Suratul Kahfi ta bayyana cewa Allah Ya lulluɓe samarin da kwarjini mai sa mai leƙe ya juya da gudu.

Amsa ita ce, lalle ne ka rarrabe abu biyu. Na farko, labarin samarin da suka gudu da imaninsu daga azzalumin sarki, suka yi barci shekara 309. Wannan wahayi ne, wajibi ne a gaskata shi, ba ya bukatar kyandir ko awo. Na biyu, maganar wani mai tsaron ƙofa cewa ga su nan cikin ɗakinsa. Wannan da'awa ce ta ɗan Adam, tana iya zama gaskiya, tana iya zama ƙarya, kuma mai da'awa shi ake nema da hujja.

Dubi yawan wuraren da aka yi wa wannan da'awa. Akwai kogo a Afsus, akwai a Tarsus, akwai a Afshin, duka cikin Turkiyya. Akwai na ƙauyen Arrajib kusa da Amman cikin Urdun, wanda aka tono a shekara ta 1963. Alƙali Ibnu Aɗiyya mai tafsiri ya faɗa cewa shi da kansa ya shiga wani kogo kusa da Lausha, a yankin Garnaɗa ta Andalus, a shekara ta 504, ya ga matattu tare da ƙasusuwan kare, da masallaci a kansu. Samarin kuwa a kogo ɗaya suka kwana. In ɗaya ya inganta, sauran sun ɓāci, kuma kowane ɗaya yana da masu ziyara. Ibnu Kasir ya yi nuni da cewa Allah bai sanar da mu ƙasar da kogon yake ba domin babu wata manufa ta shari'a cikin saninta. Abin da aka nufe mu da shi shi ne halin samarin, shi kuwa ana koyonsa a kowane gari.

Sa'an nan ka lura da dabarar mai tsaron. Bai ƙirƙiri tsoron daga babu ba. Ya ɗauki kwarjini na gaskiya wanda Allah Ya ba bayinSa, ya rataye shi a bakin ƙofar ƙaryarsa. Haka masu cin dukiyar mutane da sunan gaibu suke yi a kowane zamani, ko a bakin kabari, ko a gindin tsamiya, ko a ɗakin boka: su hana ka dubawa, su ce wanda ya duba zai haukace ko ya mutu. Mai gaskiya ba ya ƙin a kawo fitila. Kuma dubi inda ƙarya ta kai shi: ya fara da neman abin sakawa a baka, ya ƙare da zuba cuta cikin abincin baƙo, manzon sarki, wanda yake cikin amana. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ko da an sassaƙa shi cikin dutse.

Ka lura kuma da ladabin Muhammadu, domin jarumtarsa ba wauta ba ce. Ya shiga ƙasar da izinin mai ita. Ya ɗauki jagora. Ya dubi dutsen daga sama kafin ya shiga cikinsa. Ya ƙidaya takinsa, mai ƙidaya taki kuwa ya san nisan mafita. Bai hau shi kaɗai ba, bai hau babu haske ba. Wuta a irin wannan wuri tana da amfani biyu: tana nuna hanya, tana kuma gargaɗi, domin inda harshenta ya mutu don rashin iska, numfashin mutum ma yana cikin haɗari, kamar yadda masu haƙar rijiya suka sani. Bai wulakanta matattun ba, bai ɗauko kome daga jikinsu ba. Da ya koma, bai ƙara wa labarin gishiri don ya faranta wa wanda ya aiko shi ba, alhali da ya ce ya ga Ashabul Kahfi da babu mai ƙaryata shi a Samarra. Abin da ya kusa halaka shi kuwa akushin mutumin da ya tona wa asiri ne, duhun kogo bai yi masa kome ba. Matafiyi ya kiyaye wannan.

To, ya ɗan'uwa, ka riƙe abin da Allah da ManzonSa suka faɗa ba tare da shakka ba, ka auna abin da mutane suka jingina musu ba tare da tsoro ba. Wanda ya gaskata kowace da'awa don kada a ce ba shi da imani, ya miƙa addininsa da aljihunsa ga mai tsaron ƙofa. Wanda kuma ya ƙaryata wahayi don ya kama wani maƙaryaci, ya yi hasarar da ta fi girma.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya tsare mu daga cin haram da sunan bayinSa na gari, Ya haskaka mana kaburburanmu ranar da babu kyandir sai aiki. Allah ne Mafi sani.