Daga Zaure Zuwa Falo: Tarihin Fasalin Gidan Bahaushe a Birni

1.0 Gabatarwa

A harshen Hausa kalmar "gida" tana ɗauke da ma'ana biyu, watau ginin da ake kwana a ciki, da kuma mutanen da suke zaune a cikinsa. Shi ya sa ake cewa maigida da uwargida, kuma idan an tambayi mutum "ina gida?" ba lafiyar bango ake nufi ba. Wannan haɗuwar ma'ana tana nuna cewa Bahaushe bai raba gini da irin zaman da ake yi a cikinsa ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda fasalin gidan birni ya samu, da dalilan da suka sa kowane sashe yake inda yake, da kuma abin da ya faru sa'ad da masu tsara gidaje suka daina tambayar masu shiga cikinsu.

2.0 Asalin Fasalin

Tarihin Kano ya danganta abubuwa biyu da suka shafi wannan batu ga Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499): gina fadar da har yau ake kira Gidan Rumfa, da soma al'adar kulle. Da farko kulle abin sarakuna da attajirai ne, domin matar talaka tana zuwa gona da rafi. Bayan jihadin 1804 ne al'adar ta ƙara bazuwa a birane, sa'an nan ta kai ƙauyuka da yawa a ƙarni na 20. Da yake matan aure ba su fita da rana, ya zama dole gida ya ƙunshi duk abin da rayuwarsu take bukata, ya kuma tsare su daga idon baƙo.

Sauyin bai zo a dare ɗaya ba. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da soraye na ƙasa da ɗakunan ciyawa a cakuɗe cikin ganuwa ɗaya. Ke nan soro alamar wadata ne, amma tsarin shiga daga waje zuwa ciki iri ɗaya ne, ko da katanga aka kewaye gidan ko da danga.

3.0 Sassan Gida da Ayyukansu

Ƙofar gida ɗaya ce, kuma ta zaure take bi, wanda Kanawa kan kira soro. A nan baƙo namiji yake sallama ya tsaya. A nan maigida yake cin tuwon dare da maƙwabta, malami ya ba da karatu, maɗinki ko baduku ya yi sana'arsa, a nan kuma ake karɓar gaisuwar mutuwa. Daga zaure sai fili na farko, inda ɗakunan samari da na baƙi suke, da turken doki a gidan mai hali. Daga nan sai shigifa, wadda dangi na kusa da aminai kaɗai suke kaiwa. Magina ba su sa ƙofofin nan su fuskanci juna, don kada wanda yake waje ya hangi ciki.

Bayan shigifa ne cikin gida yake. Kowace matar aure tana da ɗakinta, domin shari'a ta wajabta adalci tsakanin mata a wajen kwana da muhalli, maigida kuma yana da turakarsa. Tsakar gida ita ce zuciyar wurin: nan ake daka da girki da shanya, nan ake kwana lokacin bazara, nan kuma mata suke kaɗi da dama fura da suyar ƙuli-ƙuli, yara su kai talla. Saboda haka kulle bai hana mace neman na kanta ba, muddin akwai fili da yaran aike.

Wani muhimmin abu shi ne gidan ba ya ƙarewa da gini. Idan ɗa ya yi aure a cikin gandu, sai a yanka masa sashe. Idan an ƙara mata, a ƙara ɗaki. Idan maigida ya rasu aka raba gado, sai a ja katanga a fasa sabuwar ƙofa. Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya nazarci gidajen birnin Zariya, ya nuna a littafinsa na 1982 cewa ɗakuna suna ƙaruwa suna kuma raguwa gwargwadon yadda iyali yake girma ko watsewa.

4.0 Magina da Kayan Aiki

Abin da ya sa wannan sassauci ya yiwu shi ne kayan ginin suna kusa, kuma ana iya sake amfani da su. Ana haƙo ƙasa a bayan unguwa, ramin ya zama kududdufi. A kwaɓa ta da ciyawa, a mulmula tubali, a jera, a yaɓe. Rufi kuwa da azara ake yi, wadda ake tsagowa daga giginya, domin gara ba ta cin ta da sauƙi. Sai dai azara ba ta ɗaukar nauyin ƙasa idan tazarar ta wuce kimanin mita 2, don haka magina suka ƙware a bakan gizo da ɗaurin guga, waɗanda suka ba da damar rufe babban zaure ba tare da ginshiƙi a tsakiya ba. Ana kare bango daga ruwa da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda katsin marina yake cikin haɗinsa. Kaurin bango yana hana zafin rana shiga da wuri, ya kuma riƙe ɗumi a daren hunturu. Illar ginin ita ce sai an bi shi da yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina.

Gini sana'ar gado ce, ƙarƙashin Sarkin Magina. Mafi shahara a cikinsu shi ne Babban Gwani Malam Mika'ilu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846). Amma a gidan talaka babu zane a takarda. Maigida da magini su kan tsaya a filin, a shata da ƙafa, a yi shawara a kan inda kowane ɗaki zai zauna. Mai ɗaki, in ji Hausawa, shi ya san inda yake masa yoyo.

5.0 Zamanin Turawa

Turawan Ingila sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Da farko su ma a ginin ƙasa suka zauna, kamar yadda Gidan Ɗan Hausa yake shaida, inda Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar Nasarawa a 1909. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kwano da siminti suka soma samuwa, cinikin gyaɗa kuma ya ba wasu kuɗin sayensu. Dokar garuruwa ta 1917 ta ware unguwannin Turawa, ta bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da mazaunan 'yan ƙasa.

Gidan da aka gina a waɗannan unguwanni kishiyar na birni ne. Gini ɗaya ne a tsakiyar fili, tagoginsa suna duban waje, ƙofarsa tana faɗawa falo kai tsaye, ɗakunan barori suna can baya. An tsara shi ne don mutum ɗaya ko miji da mace ɗaya. Bayan samun mulkin kai a 1960, manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji waɗannan gidaje, sai fasalin ya zama alamar wayewa da muƙami. Harshe ma ya nuna haka, domin ta wannan hanya ce kalmomi irin su falo da kicin da bulo suka zauna a bakin Hausawa.

6.0 Gidajen Gwamnati

Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya sa gwamnati ta shiga gina gidaje da yawa. An kafa Hukumar Gidaje ta Tarayya a 1973. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari (1979–1983) ta ƙudurta gina gidaje 2,000 a kowace jiha duk shekara, akasarinsu ciki ɗaya da falo, da niyyar mai gida ya faɗaɗa daga baya. Kaɗan daga cikin adadin aka kammala, an kuma gina da yawa nesa da gari, wasu suka daɗe babu kowa. Fasali ɗaya aka yi amfani da shi daga Legas har Sakkwato.

Abin da mazauna irin waɗannan rukunoni suka yi a Arewa darasi ne. Da zarar mutum ya mallaki gidan, abu na farko shi ne ya ja katanga mai tsawo. Sa'an nan ya gina ɗaki a bakin ƙofa don baƙi maza, ya ƙara ɗakuna a baya, ya fitar da murhu tsakar gida domin ba a tuƙa tuwon mutum goma da itace a ƙaramin kicin. Watau da bulo da kwano suka sake gina zaure da shigifa da cikin gida. Haka nan attajirin yau yakan yi falo biyu, na maigida mai ƙofa ta waje da na iyali. Sunan ya sauya, aikin yana nan.

7.0 Kammalawa

Ba a cewa gidan da ba shi da aibi. Iska da haske sukan yi ƙaranci a ɗakunansa, masai yakan kusanci rijiya, kududdufi kuma matattarar sauro ce. Rayuwa ma ta sauya: fili ya yi tsada, gandu ya raunana, mata da yawa suna fita makaranta da aiki. Duk da haka tarihin nan ya nuna cewa ƙarfin tsohon fasalin yana cikin abubuwa uku: matakan shiga daga waje zuwa ciki, fili a tsakiya, da damar ƙari ko ragi. Ana iya riƙe su a ginin zamani. Alal misali, rukunin gidaje shida na Niamey 2000, wanda aka kammala a Yamai a 2016, Mariam Issoufou Kamara tana cikin masu zanensa, an gina shi da bulon ƙasa da aka matse, aka hau bene don tsimin fili, aka kuma bar wa kowane iyali sararinsa a ɓoye daga titi. Aikin da yake gaban masana harshe da al'ada shi ne su tattara kalmomin magina da hikimar da take bayansu tun tsofaffin magina suna raye, domin masu zanen gidajen gobe su sami abin da za su tambaya kafin su ja layi.