Maganin funfuna da illarsa ga haihuwar dabbobi maza

Maganin funfuna shi ne sinadarin da manoma ke fesa wa shuka, ko su cuɗa iri da shi kafin shuka, domin kare amfanin gona daga ruɓewa. A yankuna irin Gafasa, a ƙasar Ajingi da Gaya, inda gida ɗaya ke noma gero da dawa da gyaɗa kuma yake kiwon awaki da tumaki, tazarar da ke tsakanin wannan magani da bakin dabba ba ta da yawa.

Wanda aka fi bincika a cikinsu shi ne vinclozolin. A 1994, masana a hukumar kare muhalli ta Amurka, ƙarƙashin Earl Gray, sun ba ɓeraye masu ciki wannan magani. 'Ya'yan maza sun fito da kan nono irin na mata, da ƙofar fitsari a ƙasan mazakuta, wasu kuma marainansu ba su sauko ba. Dalili shi ne, idan maganin ya narke a jiki, yakan toshe gurbin da sinadarin namiji, wato testostiron, ke kamawa. Ɓarnar tana faruwa ne cikin 'yan kwanakin da ake ƙera gaɓoɓin ɗan tayi. Uwar tana iya zama lafiya lau, wani aibin kuma ba ya bayyana sai ɗan ya balaga.

A 2005, Michael Skinner na Jami'ar Jihar Washington da abokan aikinsa sun ba da rahoton cewa ƙarancin ƙwayoyin maniyyi ya bi zuriyar ɓerayen har tsatso na huɗu. An yi amfani da magani mai yawa ƙwarai a gwajin, wasu masu bincike kuma ba su sami irin sakamakon ba, don haka ana ci gaba da muhawara a kai.

Mancozeb, wanda masu noman tumatir da albasa suka saba da shi, Tarayyar Turai ta janye amincewarta da shi a ƙarshen 2020, har da dalilin cutar da haihuwa. A Nijeriya, NAFDAC ce ke rajistar irin waɗannan magunguna.

Launin da ake sa wa irin da aka cuɗa da magani gargaɗi ne. Ragowarsa ba abincin kaji ko akuya ba ne, balle mai ciki. Haka ma harawar da aka yi wa feshi kwanan nan, da robar magani da aka mayar mazubin ruwan dabbobi.