Tarihin Fahimtar Ciwon Tsoro: Daga Tofi Zuwa Hoton Ƙwaƙwalwa

Tsoron da ya wuce kima daɗaɗɗen ciwo ne a ƙasar Hausa, kuma harshen ya tanadar masa sunaye da yawa: firgita, razana, fargaba, faɗuwar gaba. Bahaushe a zuciya da gaba yake ajiye tsoro, shi ya sa yake cewa gabansa ya faɗi. A ƙauyukan yammacin Kano, irin su Kutama da sauran garuruwan Gwarzo da Kabo, yaron da ke firgita cikin barci ko matar da ta kasa shiga taro akan ce iska ce ta taɓa su, ko an yi musu sammu.

Magani ya bi wannan fahimta. 'Yan bori, waɗanda suka yi ƙarfi a tsakanin Maguzawa, suna yin girka domin a sasanta da iskar da ta kama mutum. Boka yana ba da hayaƙi da saiwoyi. Malami kuwa yana yin tofi, ya ba da rubutu a sha, ya ɗinka laya, kuma daga baya ruƙiyya ta bazu. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano a 1938 zuwa 1939, ya fitar da littafi a 1946 da ya bayyana yadda imani da iskoki ya cuɗanya da Musulunci.

A taskar ilimin Musulunci ma akwai wani bayanin da bai shahara a ƙasar Hausa ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya ware babi a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus kan tsoro da firgici. Ya ɗauke su a matsayin ciwon rai mai magani, ya kuma lura cewa sabo da abin tsoro yana rage kaifinsa. Wannan lura tasa ta yi daidai da abin da likitoci ke yi a yau.

Zuwan Turawa bai kawo wa mai fargaba sauƙi ba. Dokar mahaukata ta 1916 da ta 1958 sun fi kula da tsare wanda ake ganin haɗari ne, a gidajen da ba su da maraba da kurkuku. Sauyi ya fara a 1954, lokacin da Dakta Thomas Adeoye Lambo ya soma jinyar marasa lafiya a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta tare da danginsu. Daga baya Arewa ta samu asibitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau da Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato. Sai dai sunan Dawanau ya zama abin gori a bakin mutane, kuma wannan gorin ya hana masu ciwon damuwa da yawa zuwa neman magani, don gudun a kira su mahaukata.

A can waje kuwa masana sun daɗe suna neman mazaunin tsoro a jiki. Tun shekarun 1930 aka ga birai sun daina tsoro bayan an cire musu wani sashe na ƙwaƙwalwa. Daga baya aka gane cewa sirrin yana cikin amigdala, wani ɗan curi da bai fi ƙwayar gyaɗa girma sosai ba, ɗaya a kowane gefen kai. A 1990 Seiji Ogawa ya gano hanyar amfani da na'urar MRI wajen bin sawun jinin da ke kwarara zuwa sashen da ke aiki. Daga nan aka iya kwantar da mutum cikin na'ura, a nuna masa hoton maciji ko gizo-gizo, a ga inda ƙwaƙwalwarsa ta motsa.

A 2007 Amit Etkin da Tor Wager suka tattara binciken da aka yi, suka ga amigdala da wani sashe mai suna insula suna wuce gona da iri a wurin masu tsoron wani abu takamaimai, da masu tsoron shiga mutane, da waɗanda wata masifa ta bar musu firgici. A Montreal ta Kanada, wani bincike na 2003 kan masu tsoron gizo-gizo ya nuna aikin ƙwaƙwalwarsu ya sauya bayan an saba musu da abin sannu a hankali, ba tare da ƙwaya ba. Amma lamarin bai tsaya ga amigdala kaɗai ba. Wata mata a Amurka da cuta ta lalata mata amigdala duka biyu tana ɗaukar maciji ba ko gezau, amma a 2013 da aka shaƙa mata iskar kabon sai ta firgita ƙwarai.

Har yau babu likitan da ke gane ciwon fargaba da hoto. Da tambaya da sauraro ake gane shi, a Asibitin Malam Aminu Kano ko a Landan. Amfanin hoton shi ne ya tabbatar cewa ciwon yana da tushe a jiki, ba ragwanta ba ne kuma ba hauka ba ne. A Najeriya kuwa, duk da wannan ilimi, dokar mahaukata ta 1958 ta ci gaba da aiki har zuwa Janairun 2023, lokacin da aka sanar cewa Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.