Abebe Bikila, sojan da ya yi gudu ba takalmi

Kai mai karatu, ka san gudun da ake kira maraton? Tsawonsa kilomita 42 ne da ɗan ɗori. Mai tafiyar ƙasa in ya fita da asuba, sai wajen la'asar zai kai.

Abebe Bikila ɗan makiyayi ne na ƙasar Habasha. An haife shi a 1932. Ya shiga soja, cikin masu gadin sarki Haile Selassie. Bai fara koyon gudu ba sai da ya wuce shekara 20.

Wani bature mai suna Onni Niskanen ya ga ƙafarsa, ya ɗauke shi horo. Wurin horon tuddan Addis Ababa ne, inda numfashi ke wuya. Yau gudu mai nisa sannu-sannu, gobe gajere da ƙarfi. Haka jiki ke sabawa, ba rana ɗaya ba.

A 1960 aka kai shi gasar Olimpik a birnin Roma, ƙasar Italiya. Ka tuna, Italiya ce ta kai wa Habasha yaƙi a 1935. Takalmin da ya samu ya yi masa kanta, sai ya tuɓe shi. Ƙafa tsirara ya yi gudun, har dare ya yi, ana haska hanya da wuta. Ya zo na ɗaya cikin awa 2 da minti 15. Kafin shi, babu baƙin mutum ɗan Afirka da ya ci zinariyar Olimpik.

A 1964, a Tokiyo, ya sake ci, makonni kaɗan bayan likitoci sun yi masa aiki a ciki. Wannan karon da takalmi.