Waƙoƙin Rawa da Suka Yi Tashe a Jos, 1999 zuwa 2010



A ƙasashen Turawa akan jera waƙoƙi duk mako, a ce wance ce ta ɗaya. Mu nan ma'auninmu daban ne: waƙar da ka ji a shagon mai kaset, ka ji ta a zaɓi-sonka, ka sake jin ta a gidan biki, to ita ce ta yi tashe.

Kafin wannan zamani kunnen Jos ya saba da kuntigin Ɗanmaraya, wanda ya rasu a 2015. Shi waƙarsa ta saurare ce, mutum ya zauna ya ɗauki darasi. Canji ya zo a 1999 da fim ɗin Sangaya na Kano. Daga nan fiyano ya ture kalangu a bikin 'yanmata, rawa ta zama ita ce jarin fim.

Shekarun nan kuwa su ne mafi ɗaci gare mu. Rikici ya ɓarke ranar 7 ga Satumba, 2001. Babbar kasuwar Taminus, inda kowace ƙabila ke ciniki kafaɗa da kafaɗa, ta ƙone a Fabrairun 2002. Aka sake yi a Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Gari ya rabu, kowa ya koma cikin nasa.

Abin lura, waƙa ba ta san wannan iyaka ba. Tagwayen nan P-Square, Inyamurai ne amma haihuwar Jos, a makarantar St. Murumba suka yi karatu. Waƙarsu "Do Me" ta 2007 ta game Afirka, kuma yaranmu na Gangare da Unguwar Rogo sun haddace ta, suna alfahari wai 'yan garinmu ne. Haka "Oleku" ta Ice Prince a 2010, shi ma tashin Jos. Unguwar da yaro ke tsoron shiga da ƙafa, waƙarta na cikin wayarsa.

Malamai ba su yi shiru ba, kuma suna da hujja: cuɗanyar maza da mata da shigar banza ba tarbiyyarmu ba ce. A Kano an kafa hukumar tace finafinai a 2001, ta tsananta a 2007. Sai dai hani bai kashe rawar ba, domin lokacin waƙa ta bar kaset ta koma waya, inda babu mai tacewa sai iyaye.

Yaran da suka taka rawar nan yau su ne magidanta. Idan ɗanka ya tambaye ka labarin wancan lokaci, kada ka tsaya kan gobara da gudun hijira kaɗai. Gaya masa har da cewa matasan ɓangarorin biyu waƙa ɗaya suke ji. Sannan ka duba abin da ke cikin wayarsa, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya zaunar da Jos lafiya, ya shirya mana zuri'a. Amin.